Mayar da Babban Firijin Kwalabe Ma'ajiyar Sigarin Ganye a Zafin Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Cikin kayan gwanjon da ke shigowa ta Kwatano da Legas akwai wani dogon firij mai ƙofar gilashi, da shantoci jere-jere a ciki. Turawa sun ƙera shi ne don kwantar da kwalaben giya. A nan galibi lemo da ruwan leda ake zuba masa, bayan kwana biyu mai shago ya ga ba ya ƙanƙara, ya karya kuɗi ya rabu da shi. Wannan rashin tsananin sanyin shi ne ya sa masu ajiye sigarin ganye ke nemansa, wato sigarin nan mai kauri da ake naɗewa da ganyen taba zalla babu takarda, irin na Kyuba da Nikaraguwa da Honduras da Jamhuriyar Dominika. Yawancin bayanan da ke intanet mutanen ƙasashe masu sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa ne suka rubuta su. Wanda ya bi su ido rufe a Sakkwato zai yi asarar firijin da abin da ke ciki.

Malam, me ya haɗa sigari da firij tun farko?

Danshi da zafi. Ganyen taba yana shan danshin iskar da ke kewaye da shi, yana kuma sakinsa. In ya bushe, ganyen da aka naɗe da shi na waje ya tsage, man da ke ba shi ƙamshi ya tafi. In danshi ya yi masa yawa, ya kumbura ya yi fumfuna. Abin da masu harkar suka tsaya a kai shi ne danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi kuma digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas. Ɗan akwatin katako da ake sayarwa don wannan aiki yana riƙe danshi, amma ba ya sanyaya komai. A Landan wannan ya wadatar. A garin da watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, har ya taɓa 45, akwati kaɗai ba ya kai ko'ina.

Wane iri zan saya? Na ji an ce mara kwamfureso ya fi.

Nan ne shawarar waje ke kai mutane ta baro. Iri biyu ne. Na farko ba shi da kwamfureso ba shi da gas. Wani ɗan faranti ne da ake kira Peltier, in wuta ta ratsa shi gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya yi zafi, fanka ta kwashe zafin. Ba ya ƙara, ba ya girgiza, kuma ba ya busar da iska sosai, shi ya sa Amurkawa ke yabonsa. Amma ƙarfinsa iyakarsa ya sauko da zafi kamar digiri 10 zuwa 15 ƙasa da na ɗakin da yake ciki. Yi lissafi da kanka. Ɗakin da ya kai 38 da rana a bazara, cikin firijin zai tsaya wajen 25 ko sama, yana ta aiki dare da rana bai huta ba har farantin ko allon wutarsa ya ƙone. Sai dai in ɗakin na da iyakwandishan da ba ya mutuwa, kuma mai irin wannan ɗaki ba shi ne ke karanta wannan shafi ba.

Na biyu shi ne mai kwamfureso, irin firijin gida. Manyan duka irinsa ne. Da wuya ka ga mai ɗaukar kwalba 50 ko 100 ko sama da haka da ba kwamfureso ba. Shi ke iya jure zafinmu. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba: yana tatse ruwan da ke cikin iska. Za mu zo kan maganin wannan. A ganina, a Sakkwato ba zaɓi ba ne. Mai kwamfureso za ka ɗauka, ka koyi zama da halinsa.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Juya shi ka karanta takardar da ke manne a baya ko a ciki. Akwai haruffan da ke nuna zafin da aka ƙera shi ya ɗauka: SN da N iyakarsu digiri 32, ST ya kai 38, T ya kai 43. Yawancin masu zuwa daga Jamus da Holan da Ingila N ne ko SN, don ƙasarsu aka yi su. In ka samu ST ko T, ka ƙara kuɗi ka ɗauka, ba ka yi asara ba.

Sai wuta. Wanda ya fito daga Amurka ko Kanada na bolt 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Jona shi kai tsaye sau ɗaya ya isa ya kashe shi. Ana iya amfani da taransifoma mai rage wuta, amma ƙarin kaya ne, ƙarin zafi, ƙarin abin lalacewa.

Robar ƙofa ma ka gwada ta: sa takardar kuɗi a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, iska na shiga ta nan. Gwada sama da ƙasa da kowane gefe. Gilashin ya kasance mai ninki biyu. In ka ga hazo a tsakanin ninkin, ya riga ya buɗe. Ka kuma sa mai kaya ya kunna shi a gabanka, ka ga ko ana iya saita shi a kan digiri 18, don wasu iyakarsu ke nan, wasu ba su ma kai ba. In an kawo shi gida a kwance cikin mota ko Keke Napep, a bar shi a tsaye har kwana ɗaya kafin a kunna, man kwamfureso ya koma mazauninsa.

Abin da aka yi don giya, ba matsala in shigar da shi gidana?

Kwalabe a rufe ake kwantarwa a ciki, kuma jikinsa roba ce da ƙarfe da gilashi, abubuwan da ruwa ke tsarkakewa. In akwai alamar wata kwalba ta taɓa fashewa, cire shantocin katakon ka zubar, tunda dama canza su za a yi, ka wanke cikin sarai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malaminsa, ba mai gyaran firij ba.

Warin roba fa? Kamar ya kama ko'ina.

Ganyen taba ba ya barin wari ya wuce shi, don haka kada ka sa komai sai warin ya fita. Ruwan ɗumi da garin bekin soda, a goge, a ɗauraye, a bar ƙofa a buɗe kwana uku ko huɗu a inuwa. Daga nan a cusa tsoffin jaridu da kwanon gawayi, a rufe, a canza bayan kwana biyu. Ban da bilic, ban da omo mai ƙamshi, ban da turaren wuta. Uwargida za ta ce a turara shi ya yi daɗi. A ba ta haƙuri.

To yaya za a yi da busarwar da kwamfureso ke yi?

Sai ka fahimci abin da ke faruwa tukuna. A bangon baya akwai farantin da ke yin sanyi ƙwarai duk lokacin da kwamfureso ya tashi, sanyin da ya fi na sauran cikin firijin nesa ba kusa ba. Danshin iska na taruwa a jikinsa ya zama raɓa, ya gangara ta wata 'yar hudar da ke ƙasa, ya fita waje kan tiren da ke saman kwamfureso ya ƙafe. Wato duk tashi ɗaya, ana kwashe ruwa daga ciki ana kai shi waje. Za ka ga ma'aunin danshi ya faɗo daga kashi 68 zuwa 50 da wani abu cikin 'yan mintoci, sannan ya hau a hankali bayan injin ya tsaya.

Magani na farko shi ne rage tsawon lokacin da yake aiki. Saita shi a kan mafi ɗumin da yake da shi, 18 ko 20. In nasa ba ya kaiwa nan, akwai 'yar na'urar saita zafi da masu ƙyanƙyasar kaji ke amfani da ita, irin su STC-1000 ko Inkbird. Firijin ake jonawa ta cikinta, a zura wayar jin zafinta zuwa tsakiyar firijin, a saita 19, a ba ta tazarar digiri ɗaya ko biyu, a kuma sa jinkirin minti 3 zuwa 5 kafin kwamfureso ya sake tashi. Amma ka lura: wasu masu allon dijital in aka yanke musu wuta suna mantawa da saitinsu su koma na kamfani. Gwada naka kafin ka dogara da shi. Wayar kuma ta bi ta gefen robar ƙofa ko ta hudar ruwa. Kada a huda bango ko da wasa. Bututun gas na bi ta cikin bangon, kuma da yawa daga cikin na yanzu gas ɗinsu R600a ne, wanda ke kama wuta.

Na biyu, kada sigari ya zauna tsirara a kan shanta. A cikin akwatinsa na katako, ko aljihun katako, ko roba mai murfi, faɗuwar danshi ta minti goma ba ta isa gare shi ba. Yawan katako a ciki shi ne ke kwantar da wannan hawa da sauka. Firij mai cike da akwatuna ya fi wanda ba komai zaman lafiya, ko da akwatunan babu kome a cikinsu.

Na uku, fanka. A dogon firij ƙasa ta fi sama sanyi, danshin ma ba ɗaya ba ne. Ƙananan fankokin kwamfuta masu bolt 12 guda biyu, ɗaya a ƙasa tana hura sama, ɗaya a sama, sun isa. Ba sai sun kwana suna juyawa ba. 'Yan mintoci a kowace awa ya wadatar. A bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin akwatuna da bangon baya, don nan ne ruwa ke zama.

In toshe hudar ruwan ne? Haka na gani ana cewa.

Ya danganta da wata. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da iskar waje ta bushe ƙayau, asara ce ka bar ruwan ya fita. Toshe hudar, ka sa ɗan kwano a ƙarƙashin inda yake gangarowa ya taru, ya koma iska a hankali. Ka riƙa wanke kwanon duk mako. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa buɗe ta, don a lokacin ruwan ne ke neman yi maka yawa.

Dalilin a lissafi yake. Iska mai digiri 20 da danshi kashi 70 tana ɗauke da ruwa kamar giram 12 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Ta hunturu, in ka ɗauki digiri 30 da danshi kashi 15, ba ta kai giram 5 ba. Ta Agusta, digiri 30 da kashi 75, ta haura giram 22. Ke nan buɗe ƙofa a Janairu kwashe maka danshi yake yi, buɗe ta a Agusta kuma zuba maka yake yi har gilashi ya yi gumi. Firij ɗaya, gida ɗaya, amma aiki biyu ne masu kishiyantar juna.

Wane katako kafinta zai yi mini shantoci da shi?

Wanda aka sani da wannan aiki shi ne Cedrela odorata, itacen yankin tsakiya da kudancin nahiyar Amurka, wanda ake kuma shukawa a gandayen daji na Afirka ta Yamma kamar Gana da Kwaddibuwa. Da shi ake yin akwatunan sigarin kansu. Yana shan danshi yana saki, ba ya saurin lanƙwashewa, ƙamshinsa kuma ya dace da taba. Danginsu ɗaya da maɗaci da dogon yaro. In ba a same shi ba, busasshen maɗaci zai yi, sai dai ba shi da ƙamshin. Dogon yaro kam a'a, warinsa zai shiga ganye. Katakon da aka matse da gam, shi ma a'a.

Faɗa wa kafinta ba fenti, ba banish, ba ƙusar ƙarfe da za ta yi tsatsa. A bar rata tsakanin sanduna iska ta ratsa. Hanya mafi sauƙi ita ce tsoffin akwatunan sigari. Ko bakwai ko goma ka samu, ka riga ka yi rabin aikin. Katakon da ya sha hunturun Sakkwato ƙishirwa gare shi, in ka sa sigari nan take daga jikinsa zai sha. Sa kwanon ruwa a ciki, rufe, ka ba shi mako ɗaya ko biyu har ma'auni ya tsaya cak. Kada a jiƙa katakon da tsumma, yana sa shi ya tashi.

Me zan sa ya riƙe danshin?

Mafi rashin wahala su ne 'yan fakitin nan na Boveda, masu lamba a jiki da ke nuna kashin danshin da suke riƙewa: 62, 65, 69, 72. Suna ba da danshi in ya yi ƙasa, suna sha in ya yi sama. Mai lamba 84 na shayar da sabon katako ne kawai, ba a haɗa shi da sigari. Ƙa'idar kamfanin ita ce fakitin giram 60 ga kowane wurin sigari 25, don haka babban firij manyan fakiti yake so, kuma kuɗi ne. Mai rahusa shi ne duwatsun silika marasa ƙamshi, a zuba a safa ko tire, a yayyafa wa kamar rabinsu ruwa. Ni 65 nake ba da shawara a nan, ba 70 ba, don in wuta ta ɗauke zafi ya hau, ka bar wa kanka tazara kafin fumfuna.

Ruwan kuma tataccen ruwa ne, irin wanda ake ƙara wa batir. Ka tabbatar ruwan ne zalla, ba mai asid ba. Masu sayarwa kan ajiye su kusa da juna. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, su toshe duwatsun, su bar farin dabbare.

Ma'aunin danshina gaskiya yake faɗa kuwa?

Gwada shi da gishiri. Cika murfin gora da gishirin miya, ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙe ba tare da ya narke ba, sa shi da ma'aunin a leda ko roba mai rufuwa ruf, ka bari ya kwana. Jiƙaƙƙen gishiri na tsayar da danshi a kan kashi 75. In ma'auninka ya nuna 71, ka san kullum sai ka ƙara masa 4. Na dijital biyu ka saya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Mai allura na ado ne.

Oga, duk wannan da wuta ne. In an ɗauke fa?

Ita ce tambayar da ta fi dukkan sauran nauyi. Ɗauke wuta ta awa biyu ko uku ba komai ba ce in ƙofa na rufe. Abin tsoro shi ne yini guda a bazara: ciki ya yi ɗumi, katako da ganye su saki danshinsu cikin iska, wuta ta dawo, kwamfureso ya daɗe yana aiki, farantin baya ya tatse wannan danshin ya mai da shi ruwa. A maimaita haka kullum, ganyen waje ya riƙa kumbura yana motsewa har ya tsage.

Abu mafi arha shi ne gorunan ruwa a rufe, lita goma ko fiye, a jere a ƙasan firijin. Ruwa na da nauyin ɗumama, don haka yana riƙe sanyi ya jinkirta hawan zafi, yana kuma rage yawan tashin kwamfureso ko da akwai wuta. Sai wurin ajiya: ɗakin da ba ya kallon yamma, mai silin, nesa da taga, da tazara a baya don zafi ya fita. A lulluɓe gilashin da bargo mai kauri, ban da bayan. Mai sola da inbata ya ɗora shi a kai, amma ya tuna kwamfureso na jan wuta ninkin-ba-ninkin a daidai lokacin tashi, ƙaramar inbata za ta riƙa yankewa. Sitabilaiza mai jinkiri wajibi ce, don wutar da ke dawowa da rauni ko ta ɗauke ta dawo nan take ita ke cinye kwamfureso. Kuma duk ƙarshen hunturu a share ƙurar da ta toshe bayansa da buroshi. Ƙurar nan kaɗai na iya sa ya kasa sanyi.

Na ga ƙananan huji a jikin sigari da gari a ƙasan akwati.

Ƙwaron taba ne, Lasioderma serricorne, ɗan ja-ja da bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ƙwansa kan zo tun daga cikin ganye, ya kwanta shiru muddin akwai sanyi, ya ƙyanƙyashe in zafi ya haura wajen digiri 22 ko 23 ya daɗe. Wannan ne ainihin dalilin firijin gaba ɗaya. Zubar da masu hujin. Sauran a ƙulle su a leda ninki biyu, kwana ɗaya a firijin gida, kwana uku ko huɗu a firiza mai ƙanƙara sosai wajen digiri 18 ƙasa da sifili, a sake kwana ɗaya a firij, sannan su huce a cikin ledarsu. Firizar da wuta ke yankewa ba ta yi wannan aiki ba. Duk sabon kaya da ya sha zafin hanya daga Legas ko Abuja, a yi masa haka kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa. Maganin ƙwari kuwa, ko na feshi ko na ƙwaya, kada ya kusanci wurin.

Farin abu kamar auduga ya fito a jiki.

Fumfuna ce, danshi ya haura 75 ya zauna. In a jikin waje ne kawai, a goge, a ware su, a sauke danshi. In ta shiga bakin da ake kunnawa, ko ta zama koriya ko shuɗiya, a zubar.

Zan iya haɗa goro da dabino da turare a ciki, tunda akwai wuri?

A'a. Goro ya fi son laima nesa, shi ya sa 'yan goro ke naɗe huhu da ɗanyen ganye suna yayyafa ruwa. A kashi 65 zai yi taushi ya motse, a laimar da yake so kuma taba za ta ruɓe. Dabino bushewa da sanyi yake so, kuma zaƙinsa na kiran ƙwari. Turare da humra kuwa za su kama roba da katako da duk abin da ke ciki, ba kuma za su fita ba. Firijin kansa zai iya yi wa kowannensu aiki, amma ɗaya bayan ɗaya, da saitin da ya dace da shi.

An ce shi ba ya cutarwa kamar sigarin kwali, tunda ba a zuƙar hayaƙin zuwa ƙirji.

Ba haka ba ne. Babba guda ɗaya na iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari sukutum, nikotin kuma na shiga jini ta fatar baki ko ba a zuƙa ba. Yana jawo kansar baki da maƙogwaro da maƙoshi, hayaƙinsa kuma na cutar da matan gida da yara. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma taƙaita sha a wuraren jama'a. Malamai da yawa na ganin shan taba haramun ne saboda cutarwarsa, wasu sun ce makaruhi. Kyakkyawar ajiya ba ta rage ko ɗaya daga cikin wannan. In akwai yara a gidan, a sa wa ƙofar makulli.

Guda ashirin ko talatin kawai gare ni. Ya cancanci wannan ɗawainiya?

Bai cancanta ba. Robar abinci mai murfin da ke kamawa da roba, fakitin 65 guda biyu, ɗan guntun katako daga tsohon akwati da ƙaramin ma'auni sun ishe ka. Ajiye ta a ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi a gidan; in bazara ta tsananta, sa ta cikin kula tare da gorar ruwan sanyi da aka naɗe da tawul, kana canza gorar safe da yamma. Firijin abinci bai dace ba, digiri 4 ya yi sanyi da yawa, ga warin albasa da daddawa. Babban firij na mai akwatuna goma zuwa sama ne, wanda kuma yake da sola ko wata hanyar da za ta riƙe masa wuta daga Maris zuwa Yuni.